Injin wanki mai ƙofa a gaba yana wari: tambayoyi da amsoshi

Wata rana sai ka buɗe ƙofar injin wanki, wani bashi ya doki hancinka, irin na tsumman da aka jiƙa aka manta da shi cikin bokiti kwana uku. Da farko injin kaɗai ke yi. Bayan 'yan makonni tawul ya ɗauka, zanen gado ya biyo baya, har ta kai mutum sai ya sunsuna rigarsa kafin ya saka. Abin ya taɓa samuna, kuma abin da na fara yi shi ne ƙara sabulu da ruwan ƙamshi, ashe su ne ke ƙara ta'azzara lamarin. Ga tambayoyin da masu irin wannan inji suka fi yi, da abin da na sani a kansu.

Injin da kullum yake cikin ruwa da sabulu, ta ina wari zai fito?

Gangar ƙarfe mai ƙyalli da kake gani idan ka leƙa ba ita kaɗai ba ce. Tana zaune ne cikin wata ganga ta biyu, galibi ta roba mai tauri, wadda ita ce ke riƙe ruwa. Tsakaninsu akwai sararin da ido ba ya gani, hannu ba ya kaiwa. Duk wankin da aka yi sai wani abu ya saura a wurin: sabulun da bai ɗauraye ba, maiƙon jiki da gumi, burbushin zare, gashi, ƙasa. A hankali sai su haɗu su zama wani yauƙi mai ruwan toka da ke mannewa a jikin gangar waje, da bayan gangar ciki, da cikin tiyo, da cikin ninkin robar ƙofa. Ƙwayoyin bakteriya da fumfuna suna ci daga wannan yauƙin, suna kuma fakewa a cikinsa, ruwan sanyi ya bi ta kansu ya wuce bai yi musu komai ba. Warin da kake ji daga abin da suke fitarwa ne.

Abu na biyu da suke bukata shi ne laima. An ƙera ƙofar irin wannan inji yadda ko ɗigon ruwa ba zai fita ba, to inda ruwa bai samu hanyar fita ba, iska ma ba za ta samu ta shiga ba. Aka gama wanki aka rufe ƙofa, sai cikin ya kwana da danshi da ɗumi da duhu. Duk shawarar da za ka gani a ƙasa ɗayan biyu take nufi: a rage abin da ke saura, ko a busar da wurin.

Mai murfi a sama bai cika yin haka ba. Na yi kuskuren saye ke nan?

Ban ga kuskure ba. Mai murfi a sama ba ya rufuwa ruf, iska na shiga ko an rufe shi, kuma yana cika ganga da ruwa, don haka yana ɗauraye kansa a kowane wanki. Mai ƙofa a gaba na iya gama wanki da kimanin lita 50, alhali tsofaffin masu murfi a sama kan sha ninki biyu ko uku na haka. Ƙarancin ruwan shi ne ribarsa, shi ne kuma dalilin da ya sa ba ya yafe yawan sabulu. Bugu da ƙari yana matse kaya sosai, da yawa suna juyawa sau 1,200 zuwa 1,400 a minti ɗaya, kuma ba ya cin yadi kamar mai murfi a sama da ke da sandar juya kaya a tsakiyar ganga.

Matsalar warin dai sananniya ce. A Amurka har kotu ta kai: masu saye sun haɗu sun yi ƙarar kamfanoni kan fumfuna, a 2014 masu taya alƙali yanke hukunci a jihar Ohayo suka wanke kamfanin Whirlpool, sannan a 2016 aka sasanta ragowar ƙararrakinsa. Injunan yanzu sun zo da shiri na musamman na wanke ganga, wasu ma da fanka mai busar da ciki, amma har yanzu suna bukatar hannun mai su.

Ta yaya zan gane inda warin ke fitowa?

Hancinka zai gaya maka. Warin rima, irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, yawanci daga robar ƙofa yake ko durowar sabulu. Tsami-tsami da ke bin kaya daga cikin ganga ne. Ɗoyi irin na kwata ko ruɓaɓɓen ƙwai daga ƙasa yake tasowa, ko dai matatar famfon injin da ke fitar da ruwa ta cushe ko kuma bututun zubar da ruwa ne ke dawo da iskar kwata. Ƙauri kuwa, na roba ko na waya, ba maganar tsafta ba ce: kashe injin, zare filogi, kada ka sake kunnawa sai mai gyara ya duba.

Yaya ake wanke robar ƙofa?

Nan za ka fara, domin nan ne mafi yawan mutane ke samun abin da ba su zata ba. Zare filogi, saka safar hannu, ɗauko tocila. Robar tana da ninki mai zurfi da ya kewaye bakin ganga. Sa yatsu ka ja leɓenta zuwa wajenka ka haska ciki, musamman can ƙasa inda ruwa ke kwanciya. Ranar da na fara buɗe tawa, safar yaro guda na tarar, ta koma baƙa ƙirin, ta manne da roba kamar an liƙa ta, ga fil ɗin gashi ya yi tsatsa har ya bar ja a jikin robar, ga dunƙulen gashi cikin yauƙi. Watanni na yi ina neman 'yar'uwar safar nan, tana nan a wurin duk wankin da na yi.

Kwashe duk abin da ka gani da hannu. Sannan ka jiƙa tsumma da ruwan ɗumi da ɗan sabulun wanke-wanke, ka bi ninkin ka kewaye shi gaba ɗaya, har sama inda ba a tunanin datti zai kai. Inda tsumma bai shiga ba, tsohon buroshin haƙori zai shiga. A ƙasan ninkin za ka ga 'yan ƙananan huji, galibi biyu ko uku. Aikinsu mayar da ruwa cikin ganga. Idan zare ya toshe su, ruwa zai kwanta a wurin har abada, don haka a buɗe su da tsinken goge kunne ko wani abu marar kaifi. Kada a sa wuƙa, allura ko soson ƙarfe, domin robar da ta huje yoyo za ta yi. A ƙarshe a goge gilashin ƙofa ta ciki, har da ƙasansa inda gashi ke taruwa, a busar da komai da busasshen tsumma.

Na goge, amma baƙaƙen ɗigo sun ƙi fita.

Fumfuna ce ta shiga jikin robar. Idan littafin injinka bai hana bilic ba, tsarma shi, kamar kashi 1 na bilic cikin kashi 20 na ruwa, ka jiƙa tsumma ka cusa cikin ninkin ya yi minti biyar zuwa goma, ka goge, ka ɗauraye sosai da ruwa zalla. Buɗe taga kafin ka fara. Sau da yawa tabon zai dushe amma ba zai ɓace ba, domin launin ya riga ya rina robar. Idan wari ya tafi kuma wurin ba ya santsi, ka bar shi haka. Idan robar ta tsattsage, ta yi danƙo, ko warin na dawowa cikin kwanaki, canja ta ya fi. Ana sayar da ita daban, kuma aiki ne da mai gyara ya saba yi.

Durowar sabulu fa?

Tana fita gaba ɗaya. Ja ta har ƙarshe, za ka ga wani ɗan maɓalli a tsakiya, yawanci wajen gidan ruwan laushi, wato ruwan da ake zubawa don tausasa kaya. Danna shi ka zaro ta. Cire ɗan murfin da ke gidan ruwan laushin, ka wanke komai da ruwan ɗumi da buroshi. Abin da ake mantawa shi ne ramin da durowar ta fito daga ciki. Haska rufinsa da tocila: akwai ƙananan huji da ruwa ke feso wa ta ciki, kuma nan baƙar fumfuna ta fi son zama. Duk ruwan da zai wanke kayanka ta nan yake bi. A goge shi da buroshi mai dogon hannu, a bar durowar ta bushe kafin a mayar.

An ce akwai matata a ƙasa. Ina take, kuma me zan tarar?

Duba gaban injin can ƙasa, galibi ta hannun dama, za ka ga wata 'yar ƙofa. Bayanta akwai murfi mai zagaye da ake murɗawa, a yawancin injuna kuma da ɗan siririn tiyo mai toshi a baki. Wannan matata ita ke tare abin da zai lalata famfon da ke fitar da ruwa. Akwai masu inji da suka shekara biyar ba su san da ita ba.

A bi a hankali, domin akwai ruwa a bayanta ko da ganga ta bushe. Zare filogi. Idan yanzu aka gama wankin zafi, a jira ruwan ya huce. Shimfiɗa tsohon tawul, ajiye faranti mai ɗan zurfi, zaro siririn tiyon ka cire toshinsa, ruwa ya tsiyaye. Farantin na iya cika fiye da sau ɗaya, sai ka toshe, ka zubar, ka ci gaba. Idan babu tiyon, murɗa murfin kaɗan kawai har ruwa ya fara zuba, ka riƙa ɗaurewa kana sassautawa. Wanda ya kwance shi lokaci guda zai share ɗaki. Bayan ruwan ya ƙare sai ka zaro matatar. Tsabar kuɗi, maɓallan riga, robar ɗaure gashi, tsinke, dunƙulen zare mai ɗoyi, duk a nan suke ƙarewa. Wanke ta a famfo, goge cikin ramin, ka sa yatsa can ciki ka taɓa 'yar farfelar famfon ka ji ko tana juyawa. Mayar da matatar ka ɗaure ta tamau, ka toshe tiyon, sannan a wanki na gaba ka duba ko akwai ɗigo. Duk wata biyu ya wadatar, amma gidan da ke da dabba mai gashi ko yara masu cika aljihu gara kowane wata. Wasu injunan ba su da wannan 'yar ƙofa, matatarsu tana ciki, sai an cire murfin gaba.

To ita gangar waje da hannu ba ya kaiwa?

Ita sai ruwan zafi da sinadari. A kunna injin babu kaya ko ɗaya a ciki. Yawancin injunan yanzu suna da shirin wannan aiki: a LG an rubuta Tub Clean, a Samsung da Bosch za ka ga Drum Clean ko makamancinsa. Shirin yana ɗaukar ruwa fiye da na wanki kuma yana juya ganga yadda ruwan zai daki ko'ina. Idan naka ba shi da shi, zaɓi wankin auduga mafi tsawo a digiri 90 na ma'aunin Salshiyos, ko aƙalla 60. Kada ka zaɓi shirin tsimin wuta don wannan aikin, domin da gangan yake rage zafi ya tsawaita lokaci.

Abin da na fi amincewa da shi a zuba shi ne hodar bilic mai iskar oksijin, wadda a jikin kwalinta za ka ga an rubuta sodium percarbonate. Idan ta haɗu da ruwan zafi tana sakin sinadarin da ke narkar da yauƙi, ba ta da ƙarfin warin bilic na ruwa, kuma ita ce ke cikin da yawa daga ƙwayoyin wanke inji da ake sayarwa. A zuba ta cikin ganga kai tsaye, gwargwadon abin da kwalin ya ce. Sau ɗaya a wata shi ne abin da yawancin kamfanoni ke ba da shawara. Wasu injunan Samsung ma suna kunna fitilar tuni bayan wanki 40.

Kowa na cewa ruwan khal da bekin soda. Gaskiya ne?

Kowannensu yana da ɗan amfaninsa, amma haɗa su wuri ɗaya ɓarna ce. Khal, wato binega, tsami ne, bekin soda kuma kishiyar tsami ce. Kumfar da suke yi idan sun haɗu alama ce ta suna kashe ƙarfin juna, abin da zai saura kusan ruwan gishiri ne. Khal shi kaɗai yana narkar da farin ɓawon da ruwa ke bari, sai dai na gida kashi 5 cikin ɗari ne kawai, idan ya shiga lita masu yawa na ruwa ƙarfinsa kaɗan ne. Yawan amfani da shi kuma na iya raunana roba da tiyo, shi ya sa wasu kamfanoni ba sa son sa. Lokaci-lokaci ba laifi. Wanda ya mai da shi na kowane wanki, ina ganin yana sayen matsalar gobe ne. Idan farin ɓawo ne damuwarka, hodar cire ɓawo da aka yi don injin wanki ta fi aiki.

Bilic na ruwa fa, zan iya zubawa a ganga?

Duba littafin injin tukuna. Wasu kamfanoni sun yarda har sun faɗi adadi, wasu sun hana. Inda aka yarda, yana kashe fumfuna da kyau, sai a bi shi da ƙarin ɗauraya kafin a saka kaya masu launi.

Abu ɗaya nake roƙon kowa ya riƙe: kada a haɗa bilic da khal, ko da wani abu mai tsami, ko da sinadarin goge-goge mai amoniya. Bilic da tsami suna fitar da iskar kulorin, bilic da amoniya suna fitar da wata guba daban, dukansu suna ƙona ido da huhu, kuma ɗakin wanki yawanci matsattse ne. Ko da a jere za a yi amfani da su, a raba su da cikakken wanki na ruwa zalla a tsakani. Wanda ya riga ya haɗa ya ji ido na yaji ko tari ya taso, ya fita waje nan take, a buɗe tagogi, idan numfashi ya yi nauyi a tafi asibiti.

Na yi wankin zafin, sai warin ya ƙaru, ga wasu baƙaƙen ɓarɓashi a kan kaya.

Alama ce mai kyau, ko da ba ta da daɗin gani. Dattin shekaru ya fara saki amma bai gama fita ba. Maimaita wankin zafin sau biyu ko uku, kana share ganga da roba da tsumma a tsakani, ka kuma sake buɗe matata a ƙarshe domin can ɓarɓashin ke taruwa. Wankin farko bayan haka ya zama na tsummoki, kada ya zama na fararen kaya.

Sabulu nawa ya kamata in zuba?

Ƙasa da abin da kake zubawa yanzu, kusan tabbas. Wannan ita ce amsar da mutane suka fi ƙin karɓa, domin mun taso da ganin cewa kumfa ita ce tsafta. A wankin hannu kumfa ba ta cutar da kowa. A injin nan kuwa kaya ana ɗaga su ne a sako su su faɗo, faɗuwar ce ke fitar da datti. Idan kumfa ta cika ganga sai kayan su riƙa faɗawa kan laushi, wankin ya ragu, ruwan ɗaurayar da ba shi da yawa ya kasa kwashe sabulun, ragowar ta manne a gangar waje ta zama abincin fumfuna.

Ga gwaji mai sauƙi. Kunna wanki a digiri 60 babu kaya, babu sabulu, ka tsaya ka kalli gilashi. Idan ka ga kumfa ta taso, tsohon sabulun da ya taru ne. Daga nan sai ka koma ga awon da ke jikin kwali, ka auna da murfi ko cokalin awo maimakon zubawa da ido, ka kuma rage idan kayan ba su cika ganga ba ko ba su yi datti sosai ba. A tabbatar sabulun na injin mai ƙofa a gaba ne, mai ƙarancin kumfa. A wasu ƙasashe ana sa masa alamar HE, wato High Efficiency, sabulun injin da ke tsimin ruwa, a wasu ana zana hoton injin a jikin kwalin. Garin sabulun wankin hannu bai dace da shi ba ko kaɗan.

Irin ruwan gidanku ma yana da tasiri. Ruwa mai yawan kalsiyam da magniziyam, wanda ba ya saurin kumfa kuma yake barin fari a bakin famfo, yana bukatar ɗan ƙarin sabulu. Ruwan da ke kumfa da wuri yana bukatar ƙasa da haka.

Na gari ya fi ko na ruwa?

Ta fuskar wari, na gari yana da fifiko ɗaya: yawancin garin da aka yi don fararen kaya yana ɗauke da bilic mai oksijin, wanda ba a iya ajiye shi cikin sabulun ruwa. Don haka duk wankin ɗumi da aka yi da gari yana ɗan tsabtace injin. Na ruwa yana narkewa da kyau a ruwan sanyi kuma yana da kyau ga kaya masu launi. Ni ina ajiye duka biyun: gari don tawul da zanen gado, na ruwa don sauran.

Ruwan laushin kaya shi ne wanda nake shakka. An yi shi ne musamman don ya zauna a jikin yadi bayan ɗauraya, kuma yadda yake zama a yadi haka yake zama a jikin inji, ga shi da maiƙo. Tawul ma yana rage masa shan ruwa. Wanda ba zai iya barinsa ba ya rage shi zuwa rabi, kada ya wuce layin da ke cikin durowa.

Kullum da ruwan sanyi nake wanki don tsimin wuta. Sai na daina?

A'a. Gaskiya ne cewa ɗumama ruwa ne ke cin mafi yawan wutar da injin ke sha, kuma yawancin kaya ruwan sanyi ya ishe su. Abin da ake so kawai kada injin ya yi watanni hitarsa ba ta yi aiki ba. Tawul, zanen gado da tsummokin goge-goge a wanke su a digiri 60 sau ɗaya a mako ko mako biyu, idan takardar da ke jikinsu ta yarda.

Barin ƙofa a buɗe yana aiki kuwa? Ina da ƙananan yara.

Yana aiki fiye da duk wani sinadari, kuma kyauta ne. Ba sai an wangale ta ba, tazarar yatsu uku ta isa iska ta zaga. Durowar sabulu ma a jawo ta kaɗan. Kafin nan a sa busasshen tsumma a share ruwan da ya kwanta cikin ninkin roba, aikin da bai kai minti ɗaya ba.

Damuwarki kan yara tana kan hanya, kada kowa ya raina ta. Yaro na iya shiga ganga yana wasan ɓuya, kyanwa ma tana son kwanciya a ciki. Idan ɗakin wankin yana kulluwa, ki kulle ɗakin ki bar injin a buɗe. Idan ba ya kulluwa, akwai 'yar maƙala da ake sayarwa mai riƙe ƙofa a ɗan buɗe yadda yaro ba zai iya wangale ta ba. In babu, ki buɗe ta da dare bayan sun yi barci, ki share cikin da tsumma ki rufe da safe. Kuma ko yaya, a leƙa cikin ganga kafin a zuba kaya a kunna.

Injin ya daina wari, amma kayan motsa jikin maigidana da tawul suna yi da zarar sun jiƙe.

To warin ya koma cikin yadin ne. A 2012 masu bincike a Japan suka wallafa cewa wata bakteriya mai suna Moraxella osloensis ce babbar mai jawo warin tsumma a kayan da aka wanke, kuma tana jure bushewa. Shi ya sa riga kan fito kamar lafiya, sai gumi ya taɓa ta warin ya farka. Yadin roba irin na kayan wasanni yana riƙe maiƙon jiki fiye da auduga, ruwan laushi kuma yana rufe maiƙon a ciki.

Ki jiƙa su cikin ruwan ɗumi da hodar bilic mai oksijin na awa ɗaya zuwa biyu, in ba ulu ko siliki ba ne, sannan ki wanke su a zafin da takardarsu ta yarda, babu ruwan laushi. Daga yanzu kuma kayan gumi a shanya su su sha iska kafin su shiga kwando, kada a tara kayan datti cikin injin ana jiran su cika. Da an gama wanki a kwashe. Kayan da suka kwana a jiƙe cikin rufaffen inji sai an sake wanke su. A kula da cusa kaya da yawa: idan tafin hannu ba ya shiga a tsaye tsakanin kaya da saman ganga, sun yi yawa, ba za su ɗauraye ba.

Na wanke komai, amma ɗoyin kwata na nan.

Leƙa bayan injin. Tiyon da ke fitar da ruwa yana shiga wani bututu ne a bango ko ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Wannan bututu dole ya kasance yana da lanƙwasa mai riƙe ɗan ruwa, domin ruwan nan shi ne ke tare iskar kwata. Idan ba a sa lanƙwasar ba, ko ruwanta ya ƙafe saboda an daɗe ba a yi wanki ba, iskar za ta biyo. Sannan a duba yadda aka sa tiyon. Ya kamata ya hau sama tukuna kafin ya sauka, a yawancin injuna tsakanin santimita 60 zuwa 100 daga ƙasa, kuma kada a zura shi cikin bututun fiye da santimita 10 zuwa 15, kada kuma a naɗe bakin da salatif har iska ta kasa shiga. Tiyon da ya kwanta a ƙasa ko ya nutse da yawa na iya zuƙo ruwan datti ya dawo da shi cikin inji. Alamar haka ita ce ka tarar da ruwa mai duhu a ganga alhali ba ka yi wanki ba. Idan injin yana raba bututu da wurin wanke kwanoni, toshewar can ma na iya turo ruwa nan. Wannan aikin mai gyaran famfo ne.

Zan yi doguwar tafiya. Me zan yi wa injin?

Yi wankin zafi na ƙarshe, rufe famfon da ke ba shi ruwa, tsiyaye ruwan matata, share roba, zare filogi, ka bar ƙofa da durowa a buɗe. Idan ka dawo, fara da gajeren wanki babu kaya.

Sabon inji ne, amma yana warin roba, har da ɗan ruwa a ciki.

Ana gwada su da ruwa a masana'anta, ragowarsa ce. Warin sabuwar roba yana tafiya bayan 'yan wanki. Yi na farko babu kaya, a digiri 60, da ɗan sabulu kaɗan.

Yaushe zan haƙura in kira mai gyara?

Idan ruwa ba ya ɗumi a wankin zafi. Taɓa gilashin ƙofa bayan kamar minti talatin da fara wankin digiri 60, in ka ji shi sanyi ƙalau, mai yiwuwa hita ta mutu, kuma duk wankin ganga da kake yi na ruwan sanyi ne ba ka sani ba. Wasu ƙofofin suna da rufi biyu da ke hana zafin fitowa, a irinsu sai ka taɓa tiyon baya lokacin da injin ke zubar da ruwan farko. Haka kuma idan ruwa na saura a ganga bayan an gama alhali matata a wanke take, ko roba ta yage, ko akwai ƙauri.

Sai kuma yanayin da an yi wankin zafi sau uku ko huɗu, an gyara bututu, amma wari da ɓarɓashi sun ƙi ƙarewa. A bayan gangar ciki akwai wani ƙarfe mai hannu uku, galibi na alminiyam, wanda ke riƙe ta. Datti da sabulu kan taru a lungunansa har su fara cin sa. Idan ɓarɓashin da ke fitowa fari-fari ne mai tauri kamar tsakuwa, ganga kuma tana girgiɗi idan ka ɗaga ta da hannu, ko tana ruri lokacin matsa, to ƙarfen ne ko boris, wato zoben ƙarfen da ganga ke juyawa a kai. Wannan sai an kwance injin gaba ɗaya, kuma a wasu injunan gangar waje a liƙe take, ba ta rabuwa biyu, sai dai a canja ta dungurungum. Kafin ka yarda a fara, ka sa mai gyaran ya gaya maka wace iri ce taka da abin da aikin zai ci, ka gwada shi da kuɗin sabon inji da shekarun da wannan ya yi yana aiki.